Awakin da Suka Cinye Ganye

Yaya Hamisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Agadas? Mu nan Waca sai haƙuri.

Allah ya yi wa Sabi'u ɗan Kawu Ilu rasuwa. Babbar mota ce ta lalace a kwanar shiga gari. Direban ya jera ɗanyen ganye bisa hanya don masu zuwa su rage gudu, awaki suka cinye shi tas. Da magariba Sabi'u ya taho a moto ba fitila, ya afka ƙarƙashinta.

Yaya, awakin Innarmu ne, da idona na gan su. Ita ba ta sani ba, kullum tana wurin makoki tana yi wa mai awakin Allah ya isa.

Ka yi masa addu'a, ni ma ka roƙa mini ikon riƙe bakina. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Rabi