Kan Saniyar Ardo

Daren Talata, Jabi

Barci ya ƙi zuwa. Tun da aka dawo da ofishinmu na likitocin dabbobi daga Legas madubin likita, na duba ƙwayoyin cuta, yake cikin akwati, na ɗauka yau zan buɗe shi.

Jiya Ardo Buba, mai ruga a bayan Ushafa, ya aiko cewa saniyarsa tana tangaɗi tana firgita. Na damu, domin an ce haka haukar shanun Ingila take farawa. Ba a gane ta sai an yanka ƙwaƙwalwa siriri, an duba a madubin ko ta yi huji-huji kamar soso. Na ce wa ɗan aike, in sun yanka, a ajiye mini kan.

Ko da na isa yau, sun yanka, gudun kada ta yi mushe. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo farfesu. Yunwa nake ji, na cinye tas. Sannan na ce, "Baba Ardo, ina kan?"

Ya yi murmushi. "Likita, ai shi ka ci. Ka ce a ajiye maka, ko yara ban bari sun taɓa ba."

Na yi godiya, me zan ce? Wataƙila muguwar ciyawa saniyar ta ci. Amma abin da ke kawo wannan cuta, tafasa ba ta kashe shi, ba shi da magani, kuma sai ya yi shekaru bai nuna ba.

Abin da zan duba a madubi, ga shi a cikina. Allah Ya sa ciyawar ce.