Jakata Kilo Bakwai Ce

Litinin, 3 ga Maris

Alhamdu lillahi, yau na ga Auta da littafi a hannu, ba waya ba. Malamar Turanci ta ba su maƙalar bincike, shafi huɗu, kuma ita ce kashi ɗaya cikin uku na makin zangon nan. Wai za ka yi tambaya, ka nemo amsa a littattafai, ka faɗi inda ka samo kowace magana. Na ce daidai ke nan. Ɗaukar maganar wani a ɓoye sata ce, ko kalma ɗaya ce. A gidan nan ba a sata.

Laraba, 5 ga Maris

Abin da ta zaɓa: nauyin jakar makaranta da ciwon baya. Duk batutuwan duniya! Ta ɗauke min sikelin banɗaki ta kai aji, tana auna jakunkunan ƙawayenta. Na ce mu ma mun ɗauka, ba mu mutu ba. Ta ce, "Umma, a wane shafi zan ce na samo wannan?" Babanta ya yi dariya har ya ƙware. Shi ke lalata ta.

Asabar, 8 ga Maris

Teburin cin abinci ya koma ofis. Katuna ko'ina, magana a gaba, sunan marubuci da lambar shafi a baya. Tana wanka na bi su ɗaya bayan ɗaya da littattafan laburare. Babu ha'inci. Hankalina ya kwanta.

Lahadi, 9 ga Maris

Na karanta rubutunta. Jimlar farko wai, "Jakata kilo bakwai ce." Haka kawai, kamar wanda ya faɗo gida ba sallama. Na zaunar da ita na yi mata shiftar buɗewar da na ci kyauta da ita a aji biyar, wadda takardar yabonta ke rataye a falo: ilimi fitila ne, ɗalibi matafiyi ne da kaya a kafaɗa. Shekara ashirin da shida, ko kalma ban manta ba. Ta ce malama ta ce su fara da abin da suke son tabbatarwa. Na ce ina Turanci tun malamarku ba ta iya kama fensir ba. Ta rubuta.

Litinin, 10 ga Maris

Ta miƙa. Na huta.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta dawo ta ƙi cin abinci. Jan biro ya kewaye sakin layi na farko. Wai kalma da kalma daga wani tsohon littafin koyon maƙala. Sifili, kuma za a rubuta a fayil ɗinta cewa ta yi sata, sai dai in iyaye sun zo da bayani ranar Litinin.

Na ce me kika gaya wa malamar? "Na ce ni na kwafa." Don me? "To in ce Ummata ce?"

Na ce sharri ne, maganata ce, daga kaina ta fito. Sai da nake wanke-wanke na tuna. Littafin Yaya mai koren bango, wanda bayansa ya yage. Ni ce a inuwar bayan aji ina hadda. Kowa haka yake yi a lokacin. Kowa. Amma ni aka kira gaban taro aka tafa wa.

Asabar, 15 ga Maris

Babanta ya ji labarin, ya ci gaba da cin abincinsa. Da dariyar ya yi ma da ya fi min.

Litinin, 17 ga Maris

Na je makarantar dab da tashi. Ɗakin malamai, fanka na ƙara, littattafan aiki tuli a kowane tebur. Malamar ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Na shirya magana tun daga gida, kan yadda koyarwa ta canza, amma da na zauna abin da ya fito shi ne: laifina ne, ni na tilasta mata, yarinyar ba ta taɓa ganin littafin ba.

Ta kalle ni, ta kalli takardar. Ta ce, "Hajiya, mai koren bango? Ni ma shi na haddace, shi ya sa na gane." Har malamin da ke gefe ya ɗago yana dariya.

Ba za a taɓa fayil ba. An ba Auta zuwa Alhamis ta sake buɗewa. Malamar ta ce sauran maƙalar ba inda ta sa jan biro, kuma cikin aji duka Auta ce kaɗai ta auna wani abu da hannunta.

Da na fito sai da na zauna a bencin baranda. A hanya na ce wa Auta ƙarya ƙarya ce, ko don rufa wa uwa asiri. Ta ce, "To, Umma." Na karɓi jakarta na riƙe har gida.

Jakar kuwa da nauyi.

Laraba, 19 ga Maris

Ta kawo min in duba. Ta mayar da jimlarta ta kilo bakwai. Na ga waƙafi ɗaya da ni ba zan sa a nan ba. Na miƙa mata, na ce tafi ki guga kayan makaranta.

Alhamis, 27 ga Maris

An dawo da maƙala. Saba'in da takwas, an cire biyar na jinkiri. Biyar ɗin nawa ne, na sani. Na ce kada ta sake kanta ya kumbura, akwai ashirin da biyu da ba ta samu ba.

Na sauke takardar yabon nan ta falo, gilashin ya yi datti. Ƙusa ba ta kyau haka a bango ba komai, sai na rataya maƙalar Auta kafin in sami lokacin gogewa.