Ruwan da Muka Bari a Rana

Talata da dare, Gagarawa

Yau na gwada wa 'yan aji biyu dabarar nan ta barin yaro ya gano abu da kansa. Na ba su labarin ɗigon ruwan da rana ta ɗauke sama, ya dawo da damina. Sannan muka zuba ruwa a tasa, muka yi alama da gawayi, muka ajiye a rana.

Da aka dawo daga hutun tara, babu ko ɗigo a tasar. Saurin ya ba ni mamaki, amma na tambaye su ina ruwan ya tafi. Sani ya ce akuya ce ta sha. Sauran suka ce sama, don sun gane abin da nake son ji ke nan.

Sai Ladidi, wadda kullum take makara saboda layin famfo, ta ɗaga hannu.

"Malama, ni na mayar da shi randa. Na ga kin manta da shi, zai lalace a banza."

Ban yi mata faɗa ba. Gobe cokali ɗaya zan zuba, kuma sai na nemi izininta tukuna.