Mutanen Bakura

Talata Mafara,
6 ga Maris, 2000.

Zuwa ga ƙawata Baturiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda muke nan lafiya lau. Yaya aiki, yaya zafi? Namu ya fara tun ba a je ko'ina ba.

Ambulan ɗinki ta iso. Wallahi da na buɗe na ga sunana cikin mutum shida da asibitinku ya ɗauka a koya musu ɗaukar hoton zuciya, sai da na nemi benci na zauna. Ashe intabiyun nan da na fito ina ce miki na zubar da kaina, na ci! To ki yi dariyarki, na san kina yi. Har yau ina ganin na'urar nan a idona, yadda ranar intabiyun suka shafa wa wani mutum mai a ƙirji suka ɗora masa ɗan abin, sai ga zuciyarsa a gilashi tana bugawa, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa. Shekara ɗaya da rabi in iya wannan da hannuna! Maigidana ya amince, har ya fi ni rawar jiki.

Kin san abin da ya sa na nace. Shekara biyar ke nan ina nas a ɗakin masu jego. Mace ta haihu lafiya, ta koma gida a yi ta yi mata wankan tafasasshen ruwa ana ɗura mata kunun kanwa, bayan wata biyu a dawo mana da ita ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya, numfashi sama-sama. Mu kara abin sauraro a ƙirji, mu yi ta kintace. Haka innata ta tafi ina shekara huɗu, ba wanda ya ga abin da ke cikin ƙirjinta.

To ga inda matsalar take. Sun ce kafin Juma'a 28 ga Afrilu in kawo takarduna duka tun daga firamare, kuma suna ya zama ɗaya. Nawa kuwa biyu ne. Ban taɓa ba ki labarin nan ba. Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Kunya biyu ke nan a kansa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa, Gwaggo, a Bakura. Ita ma ba ta iya kiran sunan uwarta, sai ta sa mini Nagode. Ranar da aka kai ni firamare malami ya tambayi suna, ta ce Nagode. Ya tambayi sunan uba, ta ba da na mijinta, Hashimu. Sai da zan shiga sakandare aka mayar da ni Taibatu Dikko. Makarantar nas ba ta nemi ta firamare ba, shi ya sa na wuce salin alin.

Yanzu mutanenku sun ga Nagode Hashimu, sun ga Taibatu Dikko, sun ce mutum biyu ne. Ban ga laifinsu ba. Takardar haihuwa kuma babu, garin da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwan dam. Sun ce mafita ɗaya ce, uba ya je kotu ya rantse da bakinsa cewa ni ɗiyarsa ce, ya faɗi sunana da ranar haihuwata, ya dangwala yatsa.

Baturiya, mutumin nan tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Zan je Maradun, inda yake zaune, da Sallah in gwada. Ki taya ni addu'a.

Ki gai da maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Taibatu Dikko.

Talata Mafara,
27 ga Maris, 2000.

Ƙawata Baturiya,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi ta lafiya, kuma kin rage mini soyayyen naman da kika yi alkawari, ko da yake na san halinki da nama.

Na je Maradun, na dawo hannu biyu. Yi haƙuri da rubutun, raina a ɓace yake.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiyar shanu. Da na yi sallama sai ya kau da kai wajen bango ya ce, mutanen Bakura sun iso? Haka yake kirana tun ina ƙarama. Ni kaɗai na shigo, amma mutanen Bakura. Ya tambayi Gwaggo, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiyar hanya, duk yana kallon bango.

Sai da na kwana biyu kafin na iya buɗe baki. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ni ma na juya fuska, na faɗa masa komai: na'urar, da matan da ke mutuwa a hannunmu, da ranar da za a rufe karɓar takardu. Har Inna na ambata, abin da ban taɓa yi ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiya.

Daga baya ya ce sunan nan ba na bakinsa ba ne, duk duniya ta sani. Ya ce kuma shi da takarda sun rabu tun ranar da wasu ma'aikata suka zo tsohon gari lokacin aikin dam, suka kama babban yatsansa suka tsoma a tawada, suka ce ƙidayar gidaje ce. Bayan damina biyu ruwa ya ci gonar da ya gada, da kushewar uwarsa, aka nuna masa tsandauri a nan aka ce ga rabonka, ka riga ka sa hannu. Ya ce tun daga ranar yatsan nan bai sake taɓa takarda ba, kuma haka zai shiga da shi ƙasa. Daga nan sai ya tambaye ni ko an saki ruwan dam a kanal ɗin noman rani na Mafara bana. Shi ke nan fa, an rufe magana.

Na so in yi ihu, wallahi. Na so in ce Baba dube ni sau ɗaya, ni ce, ba taron jama'a ba. Amma wa ya isa? Na ce an saki, shinkafa ta yi kyau. Na tashi na shiga ciki na yi kukana.

Abin da ya fi ci mini rai, ban ma iya jin haushinsa yadda nake so. Na san ba ƙiyayya ba ce. Duk kaka buhun geron farko gidana yake zuwa, ba saƙo ba suna, direba kawai ya sauke ya ce daga Maradun. Haka aka rene shi, haka ubansa ya yi wa Gwaggo. Amma ni mi na yi? Kullum in fito aiki in bi bakin kanal, ruwan nan da ya kore mu yana tafiyarsa, ni kuma ina nan inda nake.

Don Allah ki sake shiga wurin magatakardanku ki tambaye shi ko za a karɓi rantsuwata ni kaɗai. Kawu Hashimu da ya riƙe ni ya rasu shekara uku ke nan, da shi zan kai.

Ki gai da kowa da kowa.

Taki,
Taibatu.

Bakura,
12 ga Afrilu, 2000.

Baturiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Amsarki ta same ni, na gode da wahalar da kika sha. Na gane, in uba yana raye shi kaɗai zai rantse, in ya rasu ne mariƙi ke tsayawa.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa maigidana ba. Ranar Asabar wata ɗiya daga Ruwan Gizo, Tabawa, ta cika a hannuna. Haihuwarta ta fari, shekararta ba ta kai ashirin ba. A zaune ta mutu, don ba ta iya kwanciya. Na fito ina wanke hannu, wata abokiyar aikina da ta san damuwata ta ce wai mi zai hana in rubuta Baba ya rasu, Gwaggo ta rantse a matsayin mariƙiya? Wa zai taso daga birni ya zo Maradun dubawa? Na ce a'uzubillahi. Amma Baturiya, da na koma gida na ɗauko fom ɗin da asibitinku ya aiko, na rubuta marigayi da fensir a gaban sunansa. Na zauna ina kallo. Ya zauna daidai a layin, ko kaɗan bai yi ƙyuya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Jiya na zo Bakura da fom ɗin a jaka. Gwaggo ba ta karatu, da na so sai in ja ta kotu in ce ta dangwala kawai. Har na fara shirya maganar, sai na tuna haka aka yi wa Baba. Na ajiye takardar a gabanta na gaya mata gaskiya, har da abin da fensir ya rubuta.

Ta cire goron da ke bakinta ta jefar. Ta ce Nagode, ashe karatun naku har kashe iyaye ake koyarwa? Ta zage ni tas, ta zagi abokiyar aikina, ta dawo ta zagi kanta da ta ba malamin firamare sunan mijinta. Sannan ta sa na goge kalmar a gabanta, ta karɓi takardar ta duba kamar mai karatu, ta ce akwai saura, in ƙara gogewa.

Yau da safe ta ɗauki mayafi ta ce za ta Maradun, kuma kada in kuskura in biyo ta. Ban san abin da za ta faɗa masa ba. Ni dai na cire rai. Saura kwana goma sha shida. In abin ya wuce, ki ce su ba wani gurbin, kada ya tafi a banza. Zan koma ɗakin masu jego in ci gaba da kintace.

Ki yafe mini, ki kuma ƙona wannan takarda.

Taki,
Taibatu.

Maradun,
25 ga Afrilu, 2000.

Ƙawata, 'yar'uwata Baturiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. A tasha nake rubutawa, kan cinyata. Takardun suna cikin ambulan ɗin nan duka, direba ya yi alkawarin ba ki gobe. Don girman Allah ki miƙa su kafin Juma'a.

Kwana goma sha biyu Gwaggo ta yi a gidan Baba. Ta ce ranar farko ta gaya masa an shawarci ɗiyarsa ta rubuta shi matacce, har ta rubuta, ta goge. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, ta zauna kawai tana cin tuwonsa tana kallonsa. Jiya aka aiko in zo.

Da safe ya fito da farar rigarsa ta Sallah. Yana gaba, Gwaggo na biye, ni can baya. A ƙofar kotu ya gaya wa Gwaggo sharaɗinsa, mutanen Bakura su tsaya waje, nesa. Na ce to. Na zagaya bayan ginin neman inuwa, ban san tagar ɗakin rantsuwar a nan take ba, kuma a buɗe. Ya kamata in matsa. Ban matsa ba.

Na ji ma'aikacin kotun ya tambaye shi sunan yarinyar. Ya sake tambaya. Gwaggo ta yi gyaran murya. Sai na ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai jin ciwo, ya ce: "Taibatu. Ɗiyata ce, ta fari."

Na dafa bango.

Da aka zo ranar haihuwa na ɗauka zai ce bai sani ba, a ƙiyasta. Ina! Ya ce Talata ce, bakwai ga watan azumi, shekarar da manyan motocin aikin dam suka fara shigowa, bayan la'asar, ana yayyafi. Ya ce yana gona yana yankan gero aka zo aka gaya masa, bai bar yankan ba don kada a ce ya yi murna, amma ranar sau biyu yana yanke hannunsa. Ba a tambaye shi wannan ba, Baturiya. Shi ya faɗa. Ma'aikacin ya lissafa ya rubuta 1974. Sai na ji ƙarar buɗe gwangwanin tawada, na gudu na koma inda aka ce in tsaya.

Ya fito hannunsa na dama cikin riga. Gwaggo ce ta miƙo mini takardar, yatsansa na nan a ƙasa, ya danna da ƙarfi har tawadar ta huda baya. Ya rako mu tasha bai fito da hannun ba. Da zai juya ya kalli motar ya ce, mutanen Bakura, Allah ya kiyaye hanya, a kama karatu da kyau.

Na ce amin, ina kallon ƙasa.

Zan iso farkon wata in Allah ya so, ki share mini gefen ɗaki. Abu ɗaya nake roƙonki. Bai san na ji ba, Gwaggo ma ba ta sani ba. Ke kaɗai na gaya wa. Ko bayan raina kada ki bari ya koma kunnensa.

Ki gai da maigida da yara. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Taibatu Dikko.