Kada Ku Sa In Kafa Allo a Ƙofata

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ba da Izinin Sana'a na ƙaramar hukumarmu.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah ya ba mu haƙurin wannan fari.

Ni mai gyare-gyare ne a wani ƙauye kusa da Tsamaye. Ba ni faɗin sunan ƙauyen, kuma za ka gane dalili. Ina gyara famfon tuƙa-tuƙa, ƙyauren ƙofa, amalanke, duk abin da ya karye a gida. Bara da bana gero ya ƙone a gonata tun bai fidda kai ba, don haka jakar kayan aikina ita ce rumbuna. Ga kukana:

1. Na zo ofishinku neman takardar izini. Ma'aikacinku ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce doka ita ce sai na kama shago, na kafa allo a ƙofa da sunana da sana'ata, sannan a zo a duba. Ranka shi daɗe, wanda ya tsara wannan doka bai taɓa kwana a bakin dajinmu ba. A nan duk wanda ya iya taɓa ƙarfe ɓoye hannunsa yake yi, domin mutanen daji kullum neman mai gyara musu babura da bindigogi suke. Wani abokina mai walda ya bi doka, ya kafa allo mai kyau har da zanen sifana. Mutanen daji ba su ma buƙaci iya karatu ba. Da rana tsaka suka zo suka tafi da shi, kuma ba su nemi fansa ba, hannunsa suke so. Matarsa har yau ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba.

2. Na haƙura da takardar, na ci gaba da yawon gyara. Ran nan an kira ni wajen Kamarawa, famfonsu ya tsaya. A hanya 'yan sintiri suka tare ni, suka zazzage jakata a ƙasa: guntun bututu, magagari, ƙusoshi. Ɗayansu ya ɗaga bututun yana leƙa cikinsa yana kallona. Suka nemi takarda, babu. Da ba don wani dattijo makiyayi da na taɓa gyara wa amalanke ya shaide ni ba, da ba ni ke rubuta wannan ba. Ban ga laifinsu ba, su ma tsoro ke cinsu. Amma sun gaya mini in suka sake ganina da ƙarfe babu shaida, ba za su saurari kowa ba.

3. Tun ranar ban sake fita ba. Ko ƙarar babur na ji, sai in rufe ƙofa. Saƙo kuwa bai daina zuwa ba: famfo ya lalace can, mata na tonon yashi a busasshen rafi, ni ina zaune da sifana a ɗaki.

Roƙona kaɗan ne. A ba irinmu izinin da za mu sa a aljihu, mai hoto da hatimi, ba tare da shago ko allo ba. A karɓi shaidar mai unguwa a madadin zuwa duba wuri. A kuma sanar da masu tsaron hanya cewa bututun famfo ba bakin bindiga ba ne.

Allah ya tsare ka, ya tsare 'ya'yanka, ya sa ka gama aiki lafiya.

Hatsin da ya rage a gidana ba ya kai mu wani mako, dole za ni ɗauki jaka in fita, da takarda ko babu. Idan labari ya iske ka cewa an kama mai gyaran bindiga a hanyar Isa, don girman Allah ka ce musu ya taɓa zuwa ofishinka neman izini.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mai gyare-gyare daga ƙasar Gobir.