Bututun da Na Ja da Kaina

Laraba da dare, Maamobi

Yau Malam Issaka magini ya buɗe ramin sokawen gidanmu, inda ruwan datti ke taruwa ƙasa ta shanye. Mako uku ke nan ruwan ƙazanta yana tasowa a tsakar gida, ni kuma ina ɗora laifin a kan Anti Adiza, 'yar hayarmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake. A gaban mutane na ce mata ruwan wanke-wankenta ne ya cika ramin. Sai ta koma kai ruwanta kwata a bokiti, ga ciwon gwiwa.

Issaka ya damƙo ƙasar ramin, ya mulmula, ya miƙo min.

"Alhaji, wannan yumɓu ne, da shi ake gina tukunya. Ina zai sha ruwa?"

Sai ya nuna wani bututu yana tsiyaya a ciki, ya ce wannan fa daga ina?

Na gane shi. Ni na sa aka ja shi bara, daga wurin alwalar da na gina wa masallacin ƙofar gida. Sau biyar a rana, ruwan duk 'yan layinmu.

Gobe zai juya bututun zuwa kwata, ya zuba tsakuwa da yashi a ramin. Wannan mai sauƙi ne.

Adiza tana tsaye, ta ji komai. "Sannu da aiki, Alhaji," kawai ta ce.

A gaban mutane na ɗora mata laifin. To, gobe da safe zan ba ta haƙuri, lokacin da layin masu sayen waakye ya fi tsawo.