Na Yi wa Na'ura Ƙarya, Maman Iliya

Zuwa ga matata, Maman Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ba zan tambaye ki gajiya ba, inda kike babu ita. Mu nan Fadan Kaje lafiya, sai gwiwa. Dalilin wannan takarda, na faɗa ramin da na haƙa da bakina, ba ni kuma da wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tafi kafin ciwon citta ya zo. Ganye ya yi ɗorawa, a tona a tarar ta ruɓe, sai wari. Bara da damina aka turo mana malamar gona daga Kafanchan, yarinya mai ladabi, da waya a hannu. Ta ce akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa a ciki. A ba ta hoton ganye da labarin ƙasa da na ruwan sama, ita kuma ta faɗa wa manomi abin da zai shuka, da lokacin, da inda zai nemi iri.

Kin san tarbiyyarmu. Babana yakan ce baƙon da ya zo da biro yana tambayar gonarka, ka ba shi ruwa, ka ba shi kujera, kada ka ba shi gaskiya. Ga kuma suna, shekara da shekaru ana cewa citta sai ta Baban Iliya. Sai na bi da malamar ta saman gona, gefen dutse, inda ganye yake kore shar. Ta ɗauki hoto. Ta ce, "Baba, can ƙasa fa?" Na ce, "Duk haka yake, 'yata, bari kada maciji ya sare ki." Can ƙasan kuwa rabi ya riga ya mutu.

Sauran jama'a, da yake sun fi ni tsoron Allah, suka nuna nasu yadda yake.

Yanzu ruwan shuka ya kusa. Na'ura ta zana taswirar gari, gonaki ja, ja, ja, ɗaya tak koriya. Tamu. Saƙo ya shiga wayar kowa, wai a nemi iri wurina. Ran Lahadi magatakarda ya karanta a majami'a, aka tafa mini. Ni dattijon ikilisiya, ina zaune a gaba, har da ɗaga hannu.

Ban ga laifin na'urar ba. Ta ce ruwa zai makara, ya kuwa makara. Abin da aka zuba mata take niƙawa, ni na zuba mata tsakuwa.

Shekaranjiya Asabe ta zo, ƙawarki ta zumuntar mata, wadda ta yi jinyarki har ƙarshe. Buhu a naɗe a hammata. Tun rasuwar mijinta, cittar nan ce abincin yaranta. Ta ce, "Baba, Allah ya bar naka don mu rayu." Na ce ta dawo Litinin, irin bai gama hutawa ba. Citta da hutu! Da kina nan, da kin yi dariya, sannan ki hana ni tuwo.

Na je gindin mangwaro inda na tara irin, na yaye ciyawa, na karya guda goma. Bakwai lafiya, uku da baƙi a ciki. Daga waje duk ɗaya suke. Malamar kuwa ta ce guda ɗaya ya isa ya kashe gona.

In na ba Asabe, na kashe mata shekara. In na hana ta, a ce dattijo ya yi wa gwauruwa rowa. In zan faɗi gaskiya, sai a gaban majami'a, domin can aka tafa.

Ke ce kike taka mini ƙafa a gaban baƙi in na fara ƙara wa labari gishiri. Ran nan a gona babu wanda ya taka ni.

Gobe Lahadi. Na roƙi magatakarda minti biyu bayan sanarwa, yana tsammani godiya zan yi. Guda ukun nan suna aljihun rigata. Ban sani ba ko hannuna zai yarda ya fito da su.

Ubangiji ya ƙara miki hutu. Ya ba Asabe iri mai lafiya, ko daga hannun wa. Ni kuma, tun da ba kya nan, shi ya taka mini ƙafa gobe. Amin.

Mijinki,
Baban Iliya